Hana Shan Taba a Wuraren Jama'a da Wuraren Aiki a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu shaguna da gidajen abinci, direbobi, ma'aikatan ofis, iyaye, da su kansu mashaya taba, duk sa'ad da aka tayar da zancen hana busa sigari a cikin mutane. An fara da na sama-sama kafin a shiga masu zurfi. Wanda ke da shari'a a gabansa ya nemi lauya, don wannan bayani ne na wayar da kai kawai.

Wai da gaske akwai dokar da ta hana shan taba a cikin jama'a, ko dai zancen Legas da Abuja ne?

Akwai ta, kuma ta hau kan mutumin Tudun Wada kamar yadda ta hau kan mutumin Ikeja. Ita ce dokar taƙaita ta'ammali da taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, ana gab da miƙa mulki. Ƙa'idojin da suka fayyace yadda za a aiwatar da ita sun biyo baya a 2019. Tushenta kuwa yarjejeniyar yaƙi da taba ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2005.

Kafin ita ma an yi wata. A 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, an kafa dokar soja mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a asibitoci, makarantu, ofisoshi, gidajen siliman da motocin haya. Tararta daga Naira 200 ce zuwa 1,000, kuɗin da yau ko kwanon masara ba lallai su saya ba. Abin da ya sa mutane ke ɗaukar maganar ta Abuja da Legas ce shi ne, su ne suka yi tasu sanarwar da ƙarfi: Abuja a 2008, Legas kuma ta yi dokarta ta jiha a 2014 lokacin Gwamna Babatunde Fashola.

To shan tabar kanta aka haramta ke nan?

A'a. Baligi, wato wanda ya kai shekara 18, yana iya sayen sigarinsa ya sha, babu wanda zai kama shi a kan wannan. Abin da doka ta sa wa ido shi ne inda hayaƙin ke zuwa. Da zarar zai shiga hancin wanda bai zaɓi ya shaƙa ba, a wurin da jama'a ke tarayya, to an shiga huruminta. Wannan ya bambanta da tabar wiwi, wadda mallakarta ma laifi ne, kuma hukumar NDLEA ce ke bibiyarta.

Waɗanne wurare ne haramcin ya shafa a gari irin Zariya?

Duk wani rufaffen wuri da jama'a ke shiga ko ake aiki a cikinsa: ofis, banki, kanti, ɗakin taro, gidan abinci, masauki, masana'anta, shagon aski, shagon ɗinki. Sai ababen hawa na haya. Sai kuma wasu wurare da ko a fili suke haramcin ya kai gare su, irin su harabar makaranta, harabar asibiti, wurin renon yara, filin wasan yara, filin ƙwallo, tashar mota, wurin jiran mota, da duk inda ake sayar da abinci ko abin sha a zauna a ci. A ranar 31 ga Mayun 2017, ranar yaƙi da shan taba ta duniya, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya jero mafi yawan waɗannan wurare a cikin tanade-tanaden da ya ce za a fara aiki da su nan take.

In aka sauko da wannan ƙasa, ana nufin mai jinyar da ya fito daga ɗakin marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ya rakuɓe ƙarƙashin bishiya ya kunna sigari, bai fita daga haramcin ba, tun da har yanzu yana cikin haraba. Haka malamin firamare da ke zagayawa bayan aji lokacin tara. Haka ɗan kamasho a tashar Kwangila. Manyan makarantu irin Jami'ar Ahmadu Bello da Nuhu Bamalli kuwa, ban da dokar ƙasa, hukumominsu suna da ikon kafa nasu sharaɗin a ɗakunan kwana da na karatu, kuma wanda ya karɓi gurbin karatu ya karɓi sharaɗin.

Tun da dokar ta tarayya ce, ina ruwan ƙaramar hukuma a ciki?

Ruwanta ya fi na kowa, in za a bi abin da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce. Jadawali na huɗu na kundin ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafawa da kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta da ban-ɗakunan jama'a. Ya kuma ba su ikon sa ido a kan shaguna da tireda, gidajen abinci, gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci, da allunan talla na bakin titi. Duba jerin nan, ka sake duba jerin wuraren da aka ambata a amsar da ta gabata, za ka ga kusan abu ɗaya ne. Ma'aikacin tarayya da ke Abuja bai san ƙofar shagon kowa a Kasuwar Sabon Gari ba. Mai karɓar haraji na ƙaramar hukuma kuwa ya san ta, har sunan mai shagon ya sani.

Majalisar kansiloli tana iya yin dokar yanki ta ƙara wa ta ƙasa ƙarfi: ta sa liƙa alamar hana shan taba ya zama sharaɗin sabunta takardar izinin kasuwanci, ta ba duba-gari ikon dubawa, ta ƙara wuraren da take ganin suna bukatar kariya. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta sassauta. Sashe na 4 na kundin ya nuna duk dokar da ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce ke rinjaye. Kuma ko ƙaramar hukuma ba ta rubuta komai ba, dokar 2015 tana nan daram a yankinta.

A wasu ƙasashe ma daga birane abin ya faro. Birnin New York na Amurka ya hana shan taba a mashaya da gidajen abinci a 2003, kuma a Kenya hukumomin biranen Nakuru da Nairobi sun yi nasu hanin a 2007.

Zariya ai ba ƙaramar hukuma ɗaya ba ce. In dokokinsu suka bambanta fa?

Wannan matsala ce ta gaske. Abin da baƙo ke kira Zariya ya kasu: Birni da Tudun Wada da Kongo suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Zariya, Sabon Gari da Samaru da Basawa suna ƙarƙashin ta Sabon Gari, Shika kuma tana cikin Giwa. Ɗan adaidaita sahu yakan ratsa biyu daga ciki a lodi ɗaya. Dokar yanki ba ta tsallake iyakar yankinta, saboda haka in ɗaya ta tsaurara ɗaya ta yi shiru, gidajen shisha da makamantansu sai su tattara su koma ɗaya ɓangaren. Mafita ita ce su yi doka mai lafazi ɗaya, ko Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta yi wadda za ta game ƙananan hukumomi 23 na jihar.

Ni ke zuƙar abina, huhuna ne, me ya dami na kusa da ni?

Hayaƙi biyu ne ke fita daga karan sigari. Akwai wanda mashayi ya zuƙa ya fesar, akwai kuma wanda ke tashi daga bakin wutar kai tsaye, bai bi ta audugar gindin sigarin ba. Na kusa yana shaƙar duka biyun. A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Wanda ba ya sha amma yake zaune da hayaƙin a gida ko wurin aiki, haɗarin kamuwarsa da ciwon zuciya yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, na kansar huhu kuma da kashi 20 zuwa 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, kuma sama da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba.

Yara sun fi shan wuya, don numfashinsu ya fi na manya sauri, huhunsu kuma bai gama ƙwari ba: asma, limoniya, ciwon kunne, da mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci. Mai juna biyu da ke yawan shaƙa tana iya haihuwar jariri marar nauyi. A Najeriya, binciken ƙasa kan shan taba tsakanin manya da aka yi a 2012 ya gano kashi 5.6 cikin 100 ne ke amfani da taba, amma kashi 17.3 na masu aiki a rufaffen wuri suna shaƙar hayaƙin wani a bakin aikinsu, kashi 29.3 na masu zuwa gidajen abinci kuma sun shaƙa a can. Wato masu shaƙa ba da son ransu ba suna da yawan gaske.

In an buɗe taga, ko an kunna fanka, ko an ware wa mashaya kusurwa, bai wadatar ba?

Bai wadatar ba. Fanka juya hayaƙin take yi ta raba wa kowa, na'urar sanyaya ɗaki kuma sanyi take ƙara masa ta maido shi. Ware kusurwa a ɗaki ɗaya tamkar a zuba turaren wuta a kasko ne a ce ƙamshin ya tsaya a rabin ɗaki. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya tabbatar babu wani mizani na hayaƙin da za a ce ba ya cutarwa, kuma na'urorin tace iska ba sa kawar da haɗarin. Ga hunturun Zariya kuma, da kowa ke toshe taga saboda sanyi da ƙura.

Sai dai a faɗi gaskiya, dokar 2015 ta bar ƙofa a nan, domin ta yarda a keɓe wurin shan taba a wasu gine-gine, abin da masu fafutukar yaƙi da taba suka daɗe suna suka. Ƙa'idojin 2019 sun gindaya sharuɗɗa masu tsauri kan yadda za a gina irin wannan wuri da inda za a sa shi, kuma in mai wuri ya kasa cika su, ginin gaba ɗaya ya zama ba a shan taba a cikinsa. Benci a bakin ƙofa ko lungu a baranda ba su ne ake nufi ba. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, hanawa gaba ɗaya ta fi arha, ta fi sauƙin tsarewa.

Teburin mai shayi da majalisar ƙofar gida fa? Ai a waje suke.

Teburin mai shayi wuri ne da ake sayar da abinci a zauna a ci, saboda haka yana cikin wuraren da aka lissafa a amsa ta uku, ko da rumfa ko babu. Haka wurin mai tsire da mai kifi in akwai benci. Majalisar abokai a ƙofar gidan wani, wadda ba a sayar da komai, ba ta shiga wannan layin kai tsaye ba, amma in hayaƙin yana faɗawa tagar shago ko ta makarantar allo da ke gefe, magana ta canza.

A nan ne al'adarmu ta riga doka aiki. Da wuya ka ga saurayi ya kunna sigari a gaban sa'an mahaifinsa a cikin Birni, zai tashi ne ya zagaya. Kunya da kara sun rufe wurare da yawa da 'yan sanda ba za su taɓa kaiwa ba. Inda suke gazawa shi ne wurin da kowa baƙon kowa ne, kamar tasha, da wurin da mai shan ya fi kowa muƙami.

Direba ko fasinja ya kunna a cikin mota, me zan iya yi?

Doka tana bayanka ɗari bisa ɗari. Bas, tasi, adaidaita sahu, jirgin ƙasa, duk an hana, kuma direba bai fita daban ba don motarsa ce ko don ya fitar da hannu ta taga. Mutum yana iya sha a mota ne kawai in shi kaɗai ne a ciki. Fara da lalama: "Malam direba, don Allah a taimaka a kashe, akwai yara a baya." Yawanci wannan ya isa, musamman in wani fasinja ya mara maka baya. In ya ƙi, kada ka ja da mutumin da sitiyari ke hannunsa a kan hanyar Kaduna ko Kano. Riƙe lambar motar, in an sauka ka kai ƙara ofishin ƙungiyar direbobi na tashar da ya yi lodi. Hana shi layi na kwana ɗaya ya fi yi masa zafi a kan wata tara da bai taɓa ganin an karɓa ba.

A ofishinmu oga ne ke sha. Ta ina ƙaramin ma'aikaci zai fara?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya a cikin duka, kuma wanda ya ce maka abu ne mai sauƙi bai taɓa zama masinja ba. A doka, ofishin shugaba wurin aiki ne kamar kowane, tun da sakatare da masinja da mai shara suna shiga, kuma rufe ƙofa ba ya mayar da shi ɗakin kwanansa. Warin da ke kama labule da kujeru da fayil-fayil ma ragowar sinadaran ne, suna nan bayan hayaƙin ya washe.

Dabarar da ta fi aiki ita ce a cire sunan mutum daga maganar. Maimakon a ce wane ya daina, a nemi sashen mulki ko reshen ƙungiyar ma'aikata ya fitar da takarda cewa ginin gaba ɗaya ba a shan taba a cikinsa bisa dokar ƙasa, a liƙa alama a ƙofar shiga, a kwashe farantan toka. Ta haka ba a kunyata kowa ba, shi ma ya sami hanyar janyewa da girmansa. In kana da asma ko kina da ciki, takardar likita tana ƙara wa buƙatar nauyi. In dole sai an yi magana baki da baki, a samu dattijon ma'aikaci da yake jin nauyinsa, ya same shi shi kaɗai: "Ranka ya daɗe, yaran nan suna jin nauyin faɗa maka ne, amma hayaƙin yana damun wasu." A gaban jama'a kam kada a soma.

Ina da gidan abinci. Me doka take nema a wurina?

Ta ɗora maka nauyin wurinka. Ka liƙa alamar hani inda mai shigowa zai gani, zai fi kyau da Hausa da Turanci da hoton karan sigari da aka ja wa jan layi saboda wanda bai iya karatu ba. Kada ka ajiye farantin toka, don ajiye shi gayyata ce. In wani ya kunna, kai ko yaronka ku roƙe shi ya kashe ko ya fita, in ya ƙi a daina yi masa hidima, in ya tayar da rigima a kira hukuma. Mai wurin da ya ƙyale ko ya kau da kai, shi ma ana iya gurfanar da shi, ba mashayin kaɗai ba. Ka kuma sanar da yaran shagonka cewa kana bayansu, don yaron da ke tsoron kora ba zai taɓa tunkarar Alhajin da ke sayen kaza kullum ba.

Mene ne hukuncin wanda aka kama, kuma wa ke da ikon kamawa?

Wanda aka samu da laifin shan taba a wurin da aka hana yana fuskantar tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Kotu ce ke yanke wannan. Babu wani jami'i da doka ta ba ikon ya tsayar da kai a bakin titi ya karɓi kuɗin a hannu ya sa aljihu, kuma duk kuɗin da za ka biya hukuma ka nemi rasit. 'Yan sanda suna da hurumi, haka jami'an lafiyar muhalli. Ɓangaren kamfanoni da kayan da ke kasuwa kuma akwai hukumar kula da ingancin kaya ta SON da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda a watan Disambar 2023 ta sanar da cin kamfanin British American Tobacco tarar Dala miliyan 110 bayan wani bincike da ta yi.

In haka ne, me ya sa ba mu ganin ana kama kowa?

Dalilai sun taru. Doka ta jira shekara 4 kafin ƙa'idojinta su fito. Yawancin jama'a, har da jami'an da ya kamata su aiwatar, ba su san abin da ta ƙunsa ba. 'Yan sanda kuma suna da abin da ya fi wannan ɗaga musu hankali. Amma a ganina kamun ba shi ne ma'aunin nasara ba. A ƙasashen da hanin ya zauna, irin Ailan da ta fara hana shan taba a duk wuraren aiki a watan Maris na 2004, da Ingila da ta bi sahu a 2007, masu wuraren ne suka riƙe dokar, jami'ai kuma suka riƙe masu wuraren. Bin mashaya ɗaya bayan ɗaya aikin banza ne. Duba-gari ɗaya da ke zagaya gidajen abinci yana tambayar ina alama, ya fi motar 'yan sanda guda amfani a wannan fage. Shi ya sa amsar da ta yi magana kan hurumin ƙaramar hukuma ta fi wannan muhimmanci.

Sakamakon kuma yana bayyana da wuri. A Sikotlan, bayan hanin 2006, yawan waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda bugun zuciya ya ragu da kashi 17 cikin 100 a cikin shekarar farko, kuma akasarin ragin a tsakanin waɗanda ba sa shan taba ne.

Shisha ma taba ce? Ana cewa ruwan yana tace ta.

Taba ce, an dai cuɗa ta da zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, kuma haramcin ya hau kanta. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ake iya zuƙa mai zurfi ba tare da tari ba, amma guba tana wucewa. Ga gawayin da ke kai yana ƙara iskar nan mai sa ciwon kai da jiri, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Wata sanarwar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2005 ta nuna a zama ɗaya na awa guda mutum yana iya shaƙar hayaƙin da ya ninka na karan sigari sau 100 ko fiye. Tanzaniya ta hana ta a 2016, Ruwanda da Kenya suka bi a 2017.

Wurin da ya kamata a fi sa wa ido bayan gidajen shisha shi ne gidan kallon ƙwallo: rufin kwano, ba taga, an toshe ko'ina don kada na waje ya leƙa kyauta, ga yara 'yan sakandare cike da benci na tsawon awa biyu. Mutum ɗaya ya kunna, ɗaki duka ya sha.

Sayar da kara ɗaya-ɗaya, da aiken yaro ya sayo, su ma laifi ne?

Duka biyun. Doka ta ce a sayar da sigari a cikin kwalinsa mai kara 20, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana a sa yaro ya yi tallarsa ko ya tsare teburinsa. Hikimar a fili take: kara ɗaya kuɗin tara na ɗan makaranta ya isa ya saya, kuma wanda ya sayi kara bai ga hoton gargaɗin da aka wajabta ya rufe aƙalla rabin kwalin ba. Kowa ya san wannan ne sashen da aka fi takawa, kusan kowace tireda. Uban da ke miƙa wa ɗansa kuɗi ya ce je ka wurin mai tireda ka karɓo mini biyu, shi ya fara koya masa hanyar.

A cikin gidana ma doka za ta bi ni?

Ta leƙa, amma kaɗan. In akwai wanda bai kai shekara 18 ba a gidan, an hana sha sai a ɗakin da mashayin ke ciki shi kaɗai. Ba wanda zai zo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya duba, wannan tsakanin mutum ne da iyalinsa. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya kuwa, inda tagar wannan ke kallon ta wancan, hanya mafi sauƙi ita ce mai gida ya sa sharaɗin a takardar haya tun farko. In an riga an shiga, a bi ta wurin mai gidan ko mai unguwa kafin a kai ga hukuma.

Hanin ba zai kashe kasuwa ba? Kuma Zariya ai ta ci arzikin taba.

Ta ci, ba a musu. Kamfanin taba na Najeriya ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, bayan ta Ibadan da ta Fatakwal, kuma gidaje da dama a garin da ƙauyukan kewaye sun rayu da albashinta ko da noman ganyen. A 2000 British American Tobacco ya haɗe kamfanin. Dattijon da ya yi aikin ƙarfinsa a can ba abin zargi ba ne, a lokacin ba a san abin da aka sani yanzu ba. Amma wannan tarihi bai ba kowa lasisin busa wa mai jego hayaƙi a cikin bas ba.

Batun ciniki kuwa, lissafi ne. In cikin manya 100 waɗanda ke amfani da taba ba su kai 6 ba, kamar yadda aka kawo a amsar da ta shafi lafiya, mai gidan abincin da ke lallashin su yana korar sauran ne, musamman mata da masu zuwa da iyali, waɗanda ba za su yi ƙorafi ba, sai dai kawai ba za su dawo ba. A kasuwa kuma akwai batun gobara. Guntun sigari mai rai a layin 'yan katifa ko 'yan yadi, ko kusa da galan ɗin 'yan bumburutu, ya isa ya jawo asarar da cinikin sigari na shekara ba zai biya ba.

Me addini ya ce?

Saɓanin malamai a kan taba tsoho ne. Tun farkon ƙarni na 17, da ta shigo ƙasashen nan, Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da fatawar halascinta, wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa. Yau da cutarwarta ta tabbata, da yawa sun tafi a kan haramci, wasu suka tsaya a karhanci. Amma ko wanda ya sassauta bai halatta cutar da wani ba, saboda ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa. An ma umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci saboda wari kawai. Majami'un Wusasa da Sabon Gari su ma ba wurin da ake kunna sigari ba ne.

Ni mashayi ne, ba na son shiga haƙƙin kowa. Yaya zan yi da awa takwas na aiki?

Fita waje, ka yi nisa da ƙofa da taga da inda mutane ke layi, ka kashe guntun sosai kafin ka yar. In harabar makaranta ce ko asibiti, sai ka fita get. Mutane da yawa sun tarar wahalar fitar ta rage musu yawan abin da suke sha, wasu ta nan suka daina. In kana da niyya, ka sani ƙaiƙayin nikotin ya fi tsanani a makon farko, yakan lafa cikin mako 2 zuwa 4, kuma bayan shekara ɗaya da dainawa haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Likita yana iya taimaka maka da shawara da magani. Komawa ga taba gari ko shisha canjin kwano ne kawai, nikotin ɗin yana nan.

Muna son ƙaramar hukumarmu ta yi tata dokar. Ta ina ake bi?

Ta wurin kansilan mazaɓarku, shi ne zai gabatar da ƙudurin a majalisar kansiloli, in ta amince ciyaman ya sa hannu. Kafin nan ku je sakatariya, sashen lafiya da na shari'a, ku nemi ganin dokokin tsaftar muhalli da na kasuwanni da ake da su, don sau da yawa ƙara sakin layi a cikin tsohuwar doka ya fi rubuta sabuwa sauri. Ku tafi da waɗanda abin zai bi ta hannunsu: sarkin kasuwa, shugabannin tasha, ƙungiyar masu gidajen abinci da ta masu gidajen kallo, limamai da fastoci, hakimi da masu unguwanni. Dokar da aka rubuta a bayan idonsu a cikin durowa za ta ƙare.

Ƙudurin ya fayyace wurare da sunansu yadda mai shayi zai gane, ya ɗora alhakin a kan mai wuri, ya ambaci jami'in da zai riƙa dubawa da ofishin da za a kai ƙara, ya haɗa liƙa alama da sabunta izinin kasuwanci. A ba da wa'adin 'yan watanni na faɗakarwa a rediyo da masallatai da tashoshi kafin a fara cin tara, kuma kowace tara ta bi ta asusun hukuma da rasit. In ana so a kauce wa matsalar iyaka da aka yi bayani a sama, a kai kwafin ƙudurin Zariya da Sabon Gari da Giwa a lokaci ɗaya.